Rufin Faiba a Kan Ford ta 1929: Shin Ya Fitar da Ita Daga Gado?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekara uku ke nan ina haɗa wata tsohuwar mota a garejin gidan da nake zaune a kudancin Kaliforniya, irin wadda Amurkawa ke kira hotrod, wato tsohuwar Ford da aka sauke wa duk wani kayan nauyi aka ɗora mata injin da ya fi nata na asali ƙarfi. Jikin na Ford Model A ne na 1929, buɗaɗɗe mai ɗaukar mutum biyu, wanda ake ce wa rodsta. Na ɗora shi a kan shasin Ford na 1932, injin kuma V8 ne, wato mai silinda takwas, mai shafaffen kai na 1948, sannan na rage tsawon gilashin gaba da inci 2. Abin da ya rage mini shi ne rufin da zan riƙa ɗorawa idan rana ta yi zafi, in sauke idan na ga dama, kuma niyyata ita ce in zuba shi da faiba, wato zaren gilashi da ake shafa wa ruwan gam ya daskare ya yi tauri. Da na shaida wa Malam Isa, sai ya ce duk motar da aka ɗora wa rufin faiba ta fita daga sahun hotrod na gargajiya, ko da kowane noti da ke jikinta tsoho ne. Ban gamsu ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Malam Isa Mai Kushin: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Injiniya, rufin da ake ɗagawa a ajiye yana da asali sananne, ba abu ne da kowa zai ƙirƙira yadda ya so ba. A shagon Amos Carson da ke titin Vermont a Los Anjalis, wani ma'aikacinsa mai suna Glen Houser ya ɗinka na farko a 1935, a kan wata Model A ta 1930, kuma daga nan ne sunan rufin Carson ya bi duk wani rufi mai wannan siffa, ko da a wani shagon aka yi shi. Ana lanƙwasa ƙarafa da bututu a yi haƙarƙari, a shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji, a bi ta da auduga har sai haƙarƙarin ya ɓace a ido, a ja farin yadi mai kauri a kai, a yi wa cikinsa shafi, a bar 'yar ƙaramar taga a baya. Ba ya naɗewa, mutum biyu ne ke ɗaga shi su ajiye. Kyawunsa yana cikin taushin nan da auduga ke bayarwa, yadda layin ke gangarowa daga gilashi zuwa baya ba tare da ƙusurwa ba. Na shafe shekaru ina jan yadi a kan kujerun mota, na san cewa hannu yana gane inda auduga ta yi yawa tun kafin ido ya gani. Faiba kuwa abin da ka zuba shi za ka samu, ga sheƙi irin na kwale-kwale.

Malama Rabi: Malam Isa, Allah ya ƙara girma, tarihin da ka kawo daidai ne, amma yana iya juyowa a kanka. Samarin da suka fara wannan harka a shekarun 1930 sun riƙa tsere ne a busassun tafkunan hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, kuma abin da suke fara cirewa daga mota shi ne rufi da murfin tayoyi, wani lokaci har da gilashin gaba, domin a rage nauyi da turjiyar iska. Ƙungiyarsu ta SCTA, mai shirya tsere da auna gudun motoci a kudancin Kaliforniya, wadda aka kafa a 1937, ta daɗe ba ta karɓar rufaffun motoci a tserenta. Rufin Carson ya fi yin tashe ne a wajen wasu mutane daban, masu gyara mota domin ado, waɗanda ke ɗaukar Ford ko Mercury na 1936 zuwa 1941 su sauke ta ƙasa, su cike ramukan jikinta da dalma, su bi titi a hankali. Saboda haka idan tsantsar asali za mu bi, rodstar Injiniya ba ta buƙatar rufi ko kaɗan, na auduga ko na faiba. Tunda kuwa ya zaɓi ya yi mata, to an riga an bar maganar asali an shiga ta zaɓi.

Malam Isa Mai Kushin: Malama, ban yarda cewa akwai katanga tsakanin mutanen biyu ba. Mai rodsta ɗaya ce motarsa, da ita yake zuwa aiki duk mako, ranar Lahadi ya cire kayanta ya tafi tafki. Idan ya dawo gari yana buƙatar inuwa, kuma wajen mai ɗinki yake zuwa.

Baba Audu Fanel-bita: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, domin ni ba na tare da ko ɗayanku. Tsakanin auduga da faiba akwai goran ruwa, wanda ake kira alminiyam, kuma shi ne abin da maƙeri zai fara tunani a kai. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, don haka faranti mai kaurin milimita 1.6 zai ba ka rufin da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Da farko kafinta zai haɗa maka samfurin katako a kan motar kanta, haƙarƙari bayan haƙarƙari, har sai ka ja baya ka duba ka ga layin ya kwanta maka. Sannan ka ɗauki farantin ka shafa masa baƙin hayaƙin wutar walda ta gas, ka gyara wutar ka bi a hankali har hayaƙin ya ƙone ya ɓace, wannan ita ce alamar ya yi laushi. Sai ka kiyaye, domin goran ruwa ba ya yin ja kamar ƙarfe kafin ya narke, da ya kai digiri 660 sai dai ka ga rami. Daga nan ka ɗora shi a kan buhun yashi ka riƙa bugu da gudumar katako, ka murza shi tsakanin tayoyin ƙarfe biyu na injin da ake dangantawa da Ingila har tabon guduma ya baje, ka gwada a kan samfurin, ka dawo ka sake. Ƙusurwoyin baya biyu su ne masu wahala, domin a nan farantin yake lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci guda, kuma dole ka tsuke gefensa maimakon ka miƙar da shi. Idan an gama, Malam Isa yana iya jan yadinsa a kai, babu wanda zai san abin da ke ƙasa. Ni abin da nake ƙi game da faiba ba tarihi ba ne: idan ya tsage ba a buga shi ya dawo, sai dai a yi masa faci.

Injiniya Bashir: Baba, ranka ya daɗe, ba ni da wannan hannun, kuma gara in faɗi gaskiya. Na ma riga na gwada faiba sau ɗaya bara. Na sassaƙa soso mai tauri a kan motar, na shimfiɗa zaren gilashi na shafa ruwan gam ɗinsa kai tsaye ba tare da na yi mazubi ba, kuma ban saka ƙarfe a bakin gaba ba. A gareji ya zauna daidai. Da na hau babban titi sai na ji gaban yana ɗagawa, domin iskar da ke wucewa ta sama tana tsotsar rufin, wadda ke shigowa ta gefe kuma tana tura shi daga ciki, tunda rodsta ba ta da gilashin ƙofa. Sakata biyun da na saka sun riƙe, amma sandunan gilashin ne suka riƙa rawa. Bayan wata biyu a rana tsakiyarsa ta lotsa.

Baba Audu Fanel-bita: To wannan ba laifin faiba ba ne, ɗana, ko na auduga ka yi haka za ka gani. Motocin da Malama ta ambata suna da firam ɗin gilashi a haɗe da jiki, ga gilashin ƙofa da ake murɗawa ya hau, shi ya sa suke ɗaukar rufi mai nauyi. Sandunan gilashin Model A rodsta sirara ne, da noti aka ɗaure su. Duk rufin da za ka yi, nauyinsa ya zauna a bayan kujera a kan ƙarfen da ka ƙarfafa daga ciki, gaban kuma ya zama riƙo kawai, da roba a tsakani don kada ya ci fenti.

Malama Rabi: Ina so in koma kan ainihin iƙirarin, wato cewa faiba baƙo ne a wannan gado. Chevrolet ta fitar da Corvette a 1953 da jikin faiba gaba ɗaya, guda 300 a shekarar farko. Ford Thunderbird ta 1955 ta zo da rufin faiba da ake ɗagawa a ajiye, daga kamfanin Ford kansa. Kamfanin Glasspar na Bill Tritt, a nan Kaliforniya, ya riƙa zuba irin waɗannan rufuna wa ƙananan motocin Turai a shekarun 1950, kuma a 1959 Ed Roth ya nuna motarsa Outlaw wadda ya zuba jikinta da faiba. Mutanen da suka ɗauki wayar kejin kaji suka yi rufin mota da ita ba masu tsarkake kayan aiki ba ne, abin da ke kusa kuma aljihu zai iya shi suke ɗauka. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa Injiniya ita ce: wace shekara motarsa take wakilta? Da injin Chevrolet V8 ƙarami ne a cikinta, wanda ya fito a 1955, da babu mai cewa uffan a kan faiba.

Malam Isa Mai Kushin: Madalla, Malama, kin kawo ni inda nake so. Na janye kalmar "duk mota", domin hujjar Thunderbird ta fi ƙarfina. Amma ban janye a kan wannan motar ba. Injinta na 1948 ne, shekarar da mujallar Hot Rod ta fara fitowa, jikinta da shasinta haɗin da samarin bayan yaƙin duniya na biyu suka fi so ne, kuma Model A ta 1929 ce, ta Bill Niekamp, ta fara cin kyautar rodsta mafi kyau a Amurka a baje kolin Okland na 1950. Mutumin da ya kwashe shekara uku yana neman kayan wannan zamani ɗaya bayan ɗaya bai kamata ya rufe aikinsa da abin da ya zo daga baya ba. Injiniya, ba na hana ka don ƙiyayya da faiba, ina jin ciwon aikin da ka riga ka yi ne.

Injiniya Bashir: Na gode, Malam. Amma nauyin fa? Ni kaɗai ne a gareji, ba kullum zan sami mai kama mini ba.

Malam Isa Mai Kushin: Rufin rodsta bai kai rabin na Mercury girma ba. Ka yi haƙarƙarin da siririn bututun wayar lantarki, ka rage auduga a tsakiya ka bar ta a kafaɗu, ka rataya igiya da kura a silin gareji, za ka ɗaga shi kai kaɗai.

Malama Rabi: Ni har yanzu ina ganin rufin faiba da aka ja wa farin yadi ba zai rage wa motar komai ba, kuma zai fi jure ruwa, tunda auduga idan ta jiƙe tana riƙe damshi ta sa ragar ta yi tsatsa daga ciki.

Baba Audu Fanel-bita: Ku ajiye wannan tukuna. Ɗana, ko wanne za ka yi, samfurin katako ne farkon aiki. Ka zauna a kujera da hular da ka saba sawa, a auna daga kanka zuwa sama a bar inci 2, sannan ka tura motar waje ka tsaya nesa da ita ka ɗauko mana hotonta daga gefe, domin a cikin gareji ba a ganin layi.

Injiniya Bashir: Zan yi haka ranar Asabar in Allah ya yarda, Baba. Malam Isa, ka turo mini nisan da kake bari tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari, in yanka katakon a kan wannan awon.