Wace manhaja ce ta dace da ƙaramin ofishin lauyoyi don bibiyar shari'o'i da shigar da takardu kotu?

Sabuwar_Lauya ta rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Dan Allah shawara nake nema daga waɗanda suka riga mu a harkar nan. Ofishinmu ƙarami ne, lauyoyi kaɗan da sakatare, kuma har yanzu da dayari da Excel muke riƙe ranakun zaman kotu, takardu kuma wasu suna fayil a kabad wasu suna cikin imel wasu suna wayar wanda ya je kotu ranar, to yanzu shari'o'in sun fara yawa kuma shugaban ofis ya ce in bincika manhajar da za mu koma kanta gaba ɗaya.

Na duba Clio da MyCase da PracticePanther da LEAP da Smokeball, kowacce in ka karanta shafinta sai ka ga kamar ita ce ƙarshe, duk suna cewa suna riƙe kalanda, suna ajiye takardu, suna lissafa kuɗin aiki. Abin da ban gane ba shi ne, shin in muka ɗauki ɗaya daga ciki za mu iya shigar da ƙara ko takardar rantsuwa kotu kai tsaye daga cikinta, ko sai mun sake shiga shafin kotun daban? Sannan maganar wa'adi, wai da gaske manhajar na lissafa maka ranar ƙarshe da kanta? Kuma gaskiya hankalina bai gama kwanciya da ɗora sirrin mutanen da muke wakilta a sabar, wato kwamfutar ajiya, ta wani kamfani ba. Wanda ya yi amfani da su ya taimaka min da abin da ya gani da idonsa. Na gode.

Barista_Dattijo ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin yi tambaya mai kyau, kuma fara raba abu biyu da masu talla suke son cakuɗa miki su. Akwai manhajar tafiyar da ofis, wato irin waɗanda kika lissafa, wannan taku ce, ku kuke biya ku kuke zuba mata bayanai. Sannan akwai shafin shigar da takardu na kotu, wannan na kotu ne, ita ke da iko da shi kuma ita ke cewa ga yadda za a yi. Misali a kotunan tarayya na Amurka ta shafin CM/ECF ake shigar da takarda, a duba abin da aka shigar ta PACER, a Ingila kuma wasu manyan kotuna CE-File suke amfani da shi. Manhajar ofis ba za ta iya tura takarda kotu ba sai in ita kotun ta buɗe mata ƙofa, ko ta amince da wani kamfani na tsakani da zai karɓa ya miƙa. Don haka kafin ki kalli kyawun manhaja, rubuta sunayen kotunan da kuka fi zuwa, ki tambayi mai sayarwa ɗaya bayan ɗaya: wannan kotun kuna haɗe da ita? In ya fara kewaye-kewaye to amsar a'a ce. Kuma ba laifi ba ne in babu, ofisoshi da yawa da hannu suke shiga shafin kotu su tura, su dawo su ajiye rasit a manhajarsu, aiki na tafiya lafiya.

Maganar wa'adi kuwa nan ne nake so ki tsaya sosai domin nan ne ake rasa shari'a ba tare da an ko buɗe baki gaban alƙali ba. Eh da gaske ne wasu suna lissafawa, kina sa ranar da aka miƙa muku takarda ko ranar da aka yanke hukunci sai ta fito miki da jerin ranakun da suka biyo baya. Amma da ƙa'idar wace kotu take lissafin? Ƙidayar kwana ba iri ɗaya ba ce ko'ina. A ƙa'idojin shari'ar farar hula na tarayyar Amurka, doka ta 6 ta ce a bar ranar da abin ya faru, a ƙirga kowace rana har Asabar da Lahadi da ranar hutu, sai in ranar ƙarshe ta faɗo a kansu sannan a matsa zuwa ranar aiki ta gaba. A Ingila kuma in wa'adin kwana 5 ne ko ƙasa da haka ba a ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutu a ciki sam. Kin ga manhajar da aka gina da ƙa'idar wata ƙasa za ta ba ki rana da cikakken ƙarfin gwiwa kuma ranar kuskure ce a kotunki. Ga shi kuma ƙa'idoji na canzawa, a Disambar 2016 Amurka ta cire ƙarin kwana 3 da ake ba wanda aka miƙa wa takarda ta intanet, duk wanda manhajarsa ko kansa bai sabunta ba sai ya ɗauka yana da kwana uku da babu su. Sai ki tambaye su wa ke sabunta ƙa'idojin, kuma in babu na kotunanku a ciki shin za ku iya shigar da naku da kanku.

Kotu ba ta jin uzurin manhaja. A shari'ar Bowles da Russell ta 2007 alƙali ne da kansa ya ba mutum kwana 17 ya ɗaukaka ƙara alhali kwana 14 doka ta yarda, ya shigar cikin kwanakin da alƙalin ya ba shi, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ya makara kuma babu abin da za a yi. To in kuskuren alƙali bai ceci mutum ba ina ga na kwamfuta. Mu a wajenmu duk ranar da manhaja ta fitar sai lauyan da ke riƙe da fayil ɗin ya buɗe ƙa'idar ya ƙirga da kansa ya sa hannu, kuma muna sa ranar tamu ta cikin gida kafin ta kotu da 'yan kwanaki, saboda shafin kotu kan iya tsayawa a daren ƙarshe.

Injiniya_Sabar ya amsa:

Barista ranka ya daɗe ka gama magana a ɓangaren doka, bari in ɗan taɓa na tsaro tunda shi ne aikina, ina kula da kwamfutocin ofisoshi ciki har da na lauyoyi.

Hajiya tsoronki yana kan hanya amma ki auna shi da halin da kuke ciki yanzu. Takardun da ke yawo a imel ɗin kowa da wayar kowa, in wayar ta ɓata ko ma'aikaci ya bar aiki shi ke nan ba ku san me ya fita ba, wannan ya fi sabar kamfani mai kula da tsaro hatsari nesa ba kusa ba. Ajiye komai a cikin gida ma ba shi ne tsira ba, Mossack Fonseca ofishin lauyoyi ne, a 2016 takardunsa kusan miliyan 11.5 suka fita duniya aka kira su Takardun Panama, zuwa 2018 ya rufe. Ofishin lauyoyi na DLA Piper da girmansa a Yunin 2017 cutar kwamfuta ta NotPetya ta tsayar masa da imel da wayoyi na kwanaki. Hatta kotunan tarayyar Amurka a Janairun 2021 bayan kutsen kwamfuta da aka yi ta manhajar kamfanin SolarWinds sai da suka ce takardu masu tsananin sirri a daina ɗora su a CM/ECF a kawo su a takarda ko a na'urar ajiya mai tsaro. Kowa ana iya taɓa shi, abin dubawa shi ne wa ya yi shiri.

Abin da zan nace miki a kai, na farko shiga da mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa lambar da ke zuwa a waya, kuma a tilasta wa kowa har shugaban ofis, don yawanci manya ne ke cewa a cire musu yana ɓata musu lokaci kuma akwatinsu ne ya fi kowanne sirri. Sannan kowa da nasa asusun, kar a yi asusu ɗaya ana karɓa-karɓa don rage kuɗi, in kun yi haka rajistar da ke nuna wa ya buɗe me, wa ya goge me, a wane lokaci, ta zama banza. Ki duba kuma ko za a iya kulle wani fayil ga wasu mutane kawai, akwai shari'ar da bai kamata kowa a ofis ya gani ba. Ki tambayi a wace ƙasa sabar take domin dokokin kare bayanai irin GDPR ta Turai da ta fara aiki a 2018 suna da magana kan fitar da bayanan mutane waje, ƙasashe da yawa kuma sun yi irin tasu.

Amma wanda mutane suka fi mantawa shi ne ranar rabuwa. Tun kafin ku sa hannu ki ce su nuna miki yadda za ku kwashe kayanku in kun tashi barinsu, ba jerin sunaye kawai a CSV (fayil ɗin jadawali irin na Excel) ba, har takardun kansu a jere bisa shari'a, da bayanan da kuka rubuta a kan kowace, da kalanda. Lokacin gwaji na kyauta ki zuba shari'o'in ƙarya guda biyu ko uku ki fitar da su ki ga me ya fito. Na ga ofishin da ya so canza manhaja aka ba shi dubban fayiloli masu sunan lambobi kawai babu wanda ya san wanne na wace shari'a ne, dole suka ci gaba da biya.

Maman_Rajista ta amsa:

Ni ba lauya ba ce, ni ke tura takardun ofishinmu kotu, don haka ƙaramin abu zan ƙara amma yana cin mutane. Tura takarda daban, karɓarta daban. Kina danna tura za ki ga saƙo ya shigo, wannan shaidar ta isa ce kawai, a kotuna da yawa sai magatakarda ya duba ya amince ko ya dawo da ita, kuma dalilan dawowar ƙanana ne wlh, lambar ƙara ba daidai ba, an zaɓi nau'in takarda da ba shi ba, fayil ya wuce girman da aka ƙayyade, babu sa hannu, ba a biya kuɗin shigarwa daidai ba, ko an yi sikanin a karkace. Don haka a manhajarku kar a sa alamar an gama sai kwafi mai hatimin kotu ya dawo an ajiye shi cikin fayil. In manhajar tana da matakai ki sa uku: an tura, an karɓa, an miƙa wa ɗaya ɓangaren.

Sai kuma ɓoye bayanai. Dan Allah kar a ja baƙin layi a kan rubutu a PDF a ce an ɓoye, rubutun yana nan a ƙasa, duk wanda ya kwafa ya liƙa a wani wuri zai karanta. Haka ta faru da lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, a Janairun 2019, 'yan jarida suka karanta duk abin da aka rufe. A yi amfani da abin gogewa na gaske da ke cikin manhajar PDF, bayan an gama a gwada kwafa a gani. Kuma sanarwar kotu ta imel kar ta riƙa zuwa wa mutum ɗaya, in yana hutu ko ba shi da lafiya fa?

Sabuwar_Lauya ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai, musamman maganar raba shafin kotu da manhajar ofis, da a haɗe nake kallonsu. Saura abu ɗaya, kusan dukkansu yanzu suna tallar ƙirƙirarriyar basira a ciki, wai tana taƙaita takardu tana rubuta daftari har ta nemo hukunce-hukuncen baya. Wannan ya kamata ya shiga cikin abin da zan auna wajen zaɓe ko in bar shi gefe tukuna?

Barista_Dattijo ya amsa:

Ki bar shi ya zama na ƙarshe a ma'auninki ƙanwata. Yana da amfani, ban musa ba, in kina da takardu masu shafi ɗaruruwa yana taimakawa ki gano inda aka ambaci wata rana ko wani suna, kuma daftarin wasiƙa na farko yana rage wahala. Amma hukuncin baya da ya kawo miki kar ya shiga takardar kotu sai kin nemo shi da kanki a rumbun hukunce-hukunce kin karanta. A shari'ar wani mai suna Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca a New York, 2023, lauyoyi sun shigar da takarda ɗauke da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro, babu su a duniya, alƙali ya ci su tarar dala 5,000, kuma tun daga nan wasu alƙalai suka fara neman lauya ya bayyana in ya yi amfani da irin wannan. Ki tambayi kamfanin a rubuce ko suna horar da na'urarsu da takardunku, in amsar ba a'a ce ƙarara ba ku kashe wannan ɓangaren.

Abin da zan so ki gwada a maimakonsa shi ne binciken cin karon muradi, wato in sabon mutum ya shigo ki buga sunansa manhajar ta nuna miki ko kun taɓa tsayawa wa abokin shari'arsa, da kuma yadda take raba kuɗin amanar wanda kuke wakilta da kuɗin ofis, don wannan kan jawo wa lauya hukuncin ladabtarwa ko da kuskuren lissafi ne. Ki zaɓi biyu kawai cikin biyar ɗin nan, ki sa sakatarenku ya gwada su tare da ke tunda shi zai fi kowa zama a kansu, kuma in kun koma kar ku ajiye dayarin nan take, ku tafi da su biyun tare na ɗan lokaci kuna gwada ranakun juna har ku tabbatar babu shari'ar da ta zube a hanya wajen kwashewa.