Bayan an bar Windows, ina za a kai manhajojin aiki?

Mai shagon buga takardu, Gusau: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin laftof da yawa sun koma Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, tunda Windows 11 na neman TPM 2.0, wato guntun tsaro da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Wasu kuma sun sayi MacBook. To manhajojin da ake cin abinci da su fa? Kowa ya kawo abin da hannunsa ya taɓa, ban da ji-ta-ji-ta.

Malamin kwamfuta, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. A fara tambaya ɗaya: manhajar tana magana da wata na'ura ta hanyar direba, wato ƴar manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'ura kamar firinta? In ba ta yi, gwada Wine. Shi tafinta ne, yana fassara wa Linux abin da manhajar Windows ke nema, don haka bai cin RAM sosai. Sa Bottles, manhajar da ke tsara Wine, ka ware wa kowace manhaja kwalbarta, kada gyaran wannan ya ɓata waccan. Office 2010 mai 32-bit yana tafiya. Sabon CorelDRAW kuwa kada ka wahalar da kanka, ba ta nan ake bi da shi ba.

Mai taifin, Kauran Namoda: Malam, a ƙara da batun haruffa. Takardar Word mai shafi 40 takan koma 43 a LibreOffice, madadin Office a Linux, saboda babu salon harafi na Calibri da Cambria. Sa Carlito da Caladea, faɗin harafinsu ɗaya ne da na waɗancan, shafi zai zauna daram. In ƙ, ɗ da ɓ suka fito kamar akwatuna, salon harafin ne ba shi da su, a canza zuwa DejaVu ko Noto. Kuma a mayar da aiki PDF kafin a kai wa mai firinta.

Mai gyaran waya, Argungu: Mu namu ya fi wuya. Wine bai ɗaukar direban Windows, don haka kayan filashin (sake zuba wa waya manhaja) da dongul (makullin lasisi na USB) ba sa tashi a kansa. Sai VirtualBox, wato Windows sukutum cikin Linux. Ka shiga BIOS, wato saitin farkon kunna kwamfuta, ka kunna VT-x ko AMD-V tukuna, su ke ba VirtualBox damar aiki. RAM ya kai 8GB, ka yanka masa 4, faifan kuma SSD ne, in ba haka ba za ka sha shayi ka dawo bai gama buɗewa ba. Ka sa sunanka na Linux a rukunin vboxusers, masu izinin amfani da USB a VirtualBox, ka fita ka sake shiga, sannan zai ga USB.

Inda ake faɗuwa: wayoyi masu furosesar MediaTek, irin yawancin Tecno da itel, suna buɗe ƙofar filashin na ƴan daƙiƙu ne kawai. Kafin ka lalubo linzami ka miƙa wayar ga Windows, ta rufe. Ka saita matatar USB (USB filter) ta VirtualBox tun kafin ka soka waya, ta cafke ta da kanta. In SP Flash Tool ne, akwai na Linux, sai dai a tsayar da ModemManager, mai kula da modem a Linux, shi ke riga shi kama ƙofar. Wayar mutane dai ba wurin gwaji ba ce, ni shawarata a raba faifai gida biyu, Windows a ɓangare ɗaya, Linux a ɗayan.

Injiniya, Talata Mafara: Oga, raba faifan ma da nasa. Agogo zai riƙa kuskure da awa ɗaya cif, don Linux na ajiye lokacin duniya na UTC, Windows na ajiye na gida, mu kuma muna gaba da awa guda. Rubuta timedatectl set-local-rtc 1 a Terminal na Linux, shi ke nan. A kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba Linux zai buɗe ɓangaren Windows don karatu kawai. A fara girka Windows, Linux ya biyo baya.

Hajiya mai zane, Yawuri: Masu Mac ku duba wace furosesa ce a cikin naku. Boot Camp, mai raba faifai don Windows, na masu Intel ne kaɗai. Daga M1 na 2020 zuwa sama, wato furosesar Apple ta ARM, sai Parallels, VMware Fusion ko UTM, masu aiki irin na VirtualBox, da Windows 11 na ARM. Yawancin manhajoji na tafiya, amma direbobin tsohuwar firinta da dongul ba sa shiga. CorelDRAW kuma yana da na Mac tun 2019.

Mai shagon buga takardu, Gusau: Na gode Hajiya. Oga na Argungu, mai RAM 4GB fa?

Mai gyaran waya, Argungu: Ya manta da VirtualBox. Ya raba faifai, ko ya ƙara RAM in ba a liƙe yake da allon cikin kwamfutar ba.