Ofishin nazarin kasafi zai iya taka wa 'yan majalisa birki?

Malam Habu: Ina nan a kan bakana cewa ofishin nazarin kasafi da ba ya bin wata jam'iyya ba zai sauya komai ba, domin ƙuri'a tana hannun ɗan majalisa, shi kuwa masani takarda kawai yake miƙawa.

Hajiya Rabi: Malam, takardar nan tana da nauyi. Majalisar Amurka ta kafa nata ofishin nazarin kasafi, CBO, a 1974 bayan Shugaba Nixon ya riƙe kuɗin da ta amince a kashe, don kada ta ci gaba da dogara da alƙaluman fadar shugaban ƙasa. A Maris 2017 ofishin ya ƙiyasta cewa ƙudurin 'yan jam'iyyar Republican na sauya dokar inshorar lafiya zai ƙara mutum miliyan 24 a kan marasa inshorar lafiya zuwa 2026, alhali su ne suka naɗa shugabansa, Keith Hall.

Malam Habu: Ai kin ba ni hujja, Hajiya, tunda duk da wannan ƙiyasi Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin a watan Mayu. A Majalisar Dattawa aka yi wa yunƙurin jana'iza, da ƙuri'ar sanatoci irin su John McCain.

Alhaji Tanko: To a dubi Birtaniya. A Satumba 2022 gwamnatin Liz Truss ta sanar da rage haraji ba tare da hasashen OBR, ofishin nazarin kasafin ƙasar, ba, fam ya faɗi warwas, ita kuma ba ta cika wata biyu a kan mulki ba.

Hajiya Rabi: Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya na gida ne. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi ya shaida wa BBC Hausa cewa akwai naira tiriliyan 3.7 a kasafi da ba a ga ayyukansu ba, sai aka dakatar da shi wata uku. Da akwai ofishin da kowane ɓangare ya yarda da lissafinsa, da an baje alƙaluman a faifai mun gane mai gaskiya.

Malam Habu: Na yarda da wannan, amma ki faɗa mini wanda zai naɗa shugaban ofishin, da wanda zai biya albashinsa, da kuma wanda zai hana a sallame shi ranar da lissafinsa ya ɓata wa shugabannin majalisa rai.