Yaya zan tsare jakata a motar dare daga Sakkwato zuwa Legas?

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka mini da shawara don abin ya ishe ni.

Takalman fata nake kaiwa Legas, ina shiga babbar bas mai bi ta Jega, Yawuri, Kontagora, Mokwa har Ilori. Buhunan kaya suna but, su ba ni da fargaba a kansu. Matsalata jakar goyo ce.

Tafiyar da ta wuce na rungume ta a cinya, barci ya kwashe ni bayan Kontagora. Sai da muka tsaya sallar asuba na ga an tsaga gefenta da reza, tsaf kamar aikin tela, an zare wayata da naira 15,000. Kwaɗon da na sa wa zif kuwa yana nan daram, ko taɓa shi ba a yi ba.

Kuɗi dai yanzu lalita nake sa su cikin riga. To waya da takardun kaya fa? Kuma in an tsaya alwala ko bayi, da jakar kuke sauka, ko maƙwabcin kujera kuke bar wa amana? Ni shi ma nake zargi, Allah ya yafe mini.