RAM nawa ya ishi laftof?

Da aka tattauna batun tsakanin masu gyaran kwamfuta da masu tace bidiyo, bakinsu ya zo ɗaya cewa zamanin 4GB na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya wuce. Windows 11 za ta hau, amma da ka buɗe Chrome da Word tare, sai ka zauna kana kallon linzami yana ta juyi. Wanda aikinsa rubutu ne da lissafi a Excel, 8GB zai riƙe shi, in dai ba mai tara shafuka a Chrome ba ne.

Inda gardama ta yi zafi shi ne wajen masu zane da bidiyo. Adobe da kanta, mai yin manhajojin zane da bidiyo, 16GB take ba da shawara ga Photoshop da bidiyon HD a Premiere Pro, in 4K ne kuma 32GB. Wasu suka ce a sayi mai 8GB a ƙara daga baya. A ganina shawarar da sauranta, domin MacBook daga masu firosesar M1 zuwa sama, da siraran laftof da yawa, RAM ɗinsu a liƙe yake, ba a ƙara shi. Kafin ka miƙa kuɗi, ka buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna yadda kwamfuta ke aiki, ka duba ko akwai gurbin RAM da ya rage.