Sa wa NumPy iyakar sama: kariya ce, ko ita ce ke haddasa rikicin?

Injiniya Tanko: Assalamu alaikum. Maganata ɗaya ce: duk wanda ya wallafa laburaren Python a PyPI, rumbun da ake ɗauko fakitocin Python, bai sa iyakar sama, wato rufin da ke faɗin sigar da ba za a wuce ba, ga fakitocin da ya dogara da su ba, shi ya haƙa ramin da masu girkawa ke faɗawa. Kowa zai iya gwada hujjata. A buɗe sabon muhalli, wato keɓantaccen wurin girka fakitoci, da Python 3.11, a ba pip, manhajar girka fakitocin Python, umarnin `pip install pandas==2.0.3`. Zai girku lafiya lau, ko jan rubutu ɗaya ba za a gani ba. Sai a ce `import pandas`, nan take wannan ya fito: `ValueError: numpy.dtype size changed, may indicate binary incompatibility. Expected 96 from C header, got 88 from PyObject`. Dalili kuwa, pandas laburaren nazarin bayanai ce da ke dogara da NumPy, laburaren lissafi. Sigarta ta 2.0.3 ta fito a watan Yunin 2023, an harhaɗa ɓangarenta da aka rubuta da harshen C a kan NumPy 1, inda tsarin dtype, mai bayyana nau'in bayanai, yake da bayit 96. Sharaɗin da ta rubuta wa Python 3.11 shi ne `numpy>=1.23.2`, babu rufi. Ranar 16 ga Yuni 2024 NumPy 2.0 ta fito, tsarin ya koma bayit 88. Shi pip ya duba ya ga 2 ta fi 1.23.2, ya ɗauko ta. Har `pip check` cewa zai yi komai daidai, domin a rubuce ba a saɓa wa sharaɗin kowa ba. Da an ƙara `,<2` da duk wannan bai faru ba. Rigakafi ya fi magani.

Malama Ladi: Wa alaikumus salam, Injiniya. Misalinka gaskiya ne, kalmar "duk" ce ban yarda da ita ba. Duba yadda ake gyara kuskuren nan biyu. In mai laburare bai sa rufi ba kuma abu ya karye, mai girkawa yana da mafita a hannunsa: ya buɗe fayil mai suna `constraints.txt`, ya rubuta `numpy<2`, ya ce `pip install -c constraints.txt -r requirements.txt`. Layi ɗaya, an gama. Ko ya sa hanyar fayil ɗin a `PIP_CONSTRAINT` domin kowane umarnin pip ya bi shi. In kuwa rufin aka sa alhali ba a buƙatarsa, pip ba shi da ƙofar ɗaga shi. Fayil ɗin ƙayyadewa matsewa kawai yake yi, ba ya sassautawa. Abin da ya rage shi ne `--no-deps`, wato ka ɗauki nauyin girka kowane madogari da hannunka, ko ka zauna jiran mai laburaren ya fitar da sabuwar siga.

Kuma a tuna, a muhallin Python ba a sarki biyu a gari ɗaya. Folda ɗaya ce, `site-packages`, siga ɗaya ce ta kowane fakiti za ta zauna a ciki. Ba kamar npm, mai girka fakitocin JavaScript, ba ne da ke iya cusa siga biyu a wurare daban cikin `node_modules`. Saboda haka rufin da mutum ɗaya ya sa, a kan kowa yake hawa.

Auta: Yaya Ladi, a ba mu inda rufi ya cutar a zahiri, kamar yadda Injiniya ya kawo nasa da lambobi.

Malama Ladi: urllib3, laburaren sadarwa da intanet. Sigarta ta 2.0 ta fito a Afrilun 2023, botocore kuma, wadda boto3, laburaren aiki da sabobin Amazon, ke tsaye a kanta, tana riƙe da `urllib3>=1.25.4,<1.27`. Duk aikin da ya haɗa boto3 da wani fakiti mai neman urllib3 2 ya shiga tsaka mai wuya: ko pip ya tsaya da `ResolutionImpossible`, ko ya yi ta komawa baya yana gwada tsofaffin sigogi ɗaya bayan ɗaya. Botocore kuwa kusan kullum ake fitar da sabuwar sigarta, lissafa yawan abin da zai bincika. Wannan saƙon na `pip is looking at multiple versions` da ke tsayawa minti da minti, yana cin data, asalinsa ke nan.

Malam Gambo: Malama, a nan kam zan kare botocore. Ba camfi ya sa suka yi rufin ba. urllib3 2.0 ta daina aiki da OpenSSL, laburaren tsaron sadarwa, in bai kai 1.1.1 ba, kuma a lokacin akwai sabobi, wato kwamfutocin da manhajoji ke gudana a kansu, da yawa da Python ɗinsu ke kan OpenSSL 1.0.2. Daga baya sun buɗe ƙofa ga Python 3.10 zuwa sama, suka bar `<1.27` ga na ƙasa da haka. Rufi ne mai dalili sananne.

Abin da nake so a raba shi ne rufin da aka san dalilinsa da rufin tsoro. Laburaren da ke da ɓangaren C ko Cython, harshen da ake juyawa zuwa C, da aka harhaɗa a kan NumPy 1, tabbas ne zai karye a kan 2, ba zato ba ne. Su kansu masu NumPy sun shawarci irin waɗannan da su sa `<2` tun kafin ranar fitowa, kuma sun saki sigar gwaji watanni kafin nan domin kowa ya sake harhaɗawa. TensorFlow, laburaren koyon na'ura, ta bi wannan: 2.16 da 2.17 suna ɗauke da `<2.0.0`, sai a 2.18 ta karɓi NumPy 2. Numba ma, mai ƙara wa lissafin Python sauri, kowace sigarta tana da iyakar NumPy da take karɓa, saboda tana shiga can cikin hanjin NumPy. Amma laburaren da Python zalla ne, abin da yake kira bai wuce `np.array` da `np.mean` ba, me rufi zai kare masa?

Injiniya Tanko: Zai kare shi daga abin da aka cire, ranka ya daɗe. NumPy 2.0 ba ɓangaren C kaɗai ta taɓa ba. Ta cire `np.float_`, ta cire `np.NaN` mai manyan baƙaƙe, ta cire `np.product`. Laburaren Python zalla da ke kiran waɗannan ya faɗi da `AttributeError`. Ka'idar lambar siga ai sananniya ce: in lambar farko ta canza, an karya wani abu. Shi ya sa Poetry, wata manhajar sarrafa fakitoci, ke sa alamar `^` da kanta in ka ce `poetry add`, inda `^1.4` ke nufin daga 1.4 zuwa ƙasa da 2.0. Ba ni na ƙirƙiro tsarin ba.

Malama Ladi: To ai NumPy ba ta jiran lambar farko kafin ta cire abu. `np.float`, `np.int` da `np.bool` an fara gargaɗi a kansu a 1.20, farkon 2021, aka cire su a 1.24, Disambar 2022. Duk a cikin gidan 1 aka yi wannan. Wanda ya rubuta `<2` ya kwanta da sakin jiki, 1.24 ta same shi har gida. Wasu fakitocin ma lambarsu shekara ce, irin certifi da pytz da shi kansa pip, rufi a kan lambar farko a wurinsu ba ya nufin komai sai ƙarewar shekara. Abin da ke kama irin wannan karyewar shi ne gudanar da gwaje-gwaje da `-W error::DeprecationWarning`, domin gargaɗi ya zama kuskure tun da sauran lokaci, da kuma gwada laburare a kan sigogin gwaji ta hanyar `pip install --pre`.

Ga kuma illar da ba a cika lura da ita ba. Bayanin fakiti a PyPI ba ya gyaruwa bayan an ɗora shi. A ce laburare ya kai siga 3.0 ba rufi, sai a 3.1 aka ƙara `numpy<2`. Mai girkawa ya nemi laburaren tare da `numpy>=2`. pip ba zai ce masa ba ya yiwuwa ba. Zai duba 3.1 ya ga ba ta dace ba, ya koma 3.0 wadda ba ta hana ba, ya girka ta, alhali ita ma a karye take. Rufin da aka sa a makare, tsohuwar siga yake tura mutane.

Auta: Wannan yana da magani ta ɓangarori biyu. Mai laburare zai iya janye tsohuwar sigar a PyPI, kuma pip ba ya zaɓar sigar da aka janye sai an nemi ita kanta da `==`. Mai girkawa kuma ya sa iyakar ƙasa ga fakitocin da ya nema kai tsaye, misali `>=3.1`, domin pip ya rasa wurin komawa ya faɗi gaskiya da wuri. Hakan ma yana rage wancan dogon binciken da Yaya Ladi ta ambata.

Amma ni ina ganin rabin rikicin da ake ɗora wa rufi ko rashinsa, girka kaya ɗaya-ɗaya ne ke jawo shi. Tun pip 20.3, a ƙarshen Nuwamban 2020, pip yana sasanta sharuɗɗa da gaske, sai dai na abin da aka ba shi a umarni guda. In aka girka TensorFlow 2.17 yau, gobe aka ce `pip install -U numpy`, zai ɗaga NumPy zuwa 2, sannan bayan aikin gama ya gama ya rubuto cewa `pip's dependency resolver does not currently take into account all the packages that are installed`. Rufin TensorFlow yana nan daram, bai hana komai ba. Don haka a tara duk abin da ake so a fayil ɗaya, a girka a sabon muhalli da umarni ɗaya.

Malam Gambo: Haka ne, Auta. Kuma kafin a zargi kowa, a gano wanda ya sa sharaɗin. Saƙon `ResolutionImpossible` yana da sashe da ya fara da `The conflict is caused by`, mutane na tsallake shi su tafi layin ƙarshe, alhali a nan aka jera wane fakiti ke neman wace siga. In muhallin ya riga ya girku, `pipdeptree -r -p numpy` zai nuna bishiyar a juye, kowane mai dogara da NumPy da iyakar da ya gindaya. In ana son gani da ido, a shiga `site-packages`, a buɗe foldar fakitin mai ƙarewa da `.dist-info`, a karanta fayil ɗin `METADATA`, layukan da suka fara da `Requires-Dist`. `pip show` sunaye kawai yake bayarwa, ba ya nuna iyakokin. Sannan `pip install --dry-run`, wanda ya zo a pip 22.2, yana faɗin abin da zai girka ba tare da ya taɓa muhallin ba.

Wani abu kuma game da `numpy<2` da ake ba kowa kamar fanadol: ya danganta da Python ɗin da ke ƙasa. Sigar ƙarshe a gidan 1 ita ce 1.26.4, kuma ginannun fayilolinta, wato waɗanda aka riga aka harhaɗa, sun tsaya a Python 3.12. A kan 3.13 pip ba zai sami ginanne ba, zai ɗauko tushen lambar ya fara harhaɗawa, in babu kayan harhaɗa C a kwamfutar sai ya zubo dogon kuskure da bai ambaci rikicin siga ko sau ɗaya ba. Wanda dole sai NumPy 1, ya gina muhallinsa da 3.12 ko 3.11. A ɗaya gefen, misalin Injiniya ba zai karye a Python 3.8 ba, saboda NumPy ta tsaya a 1.24.4 a can.

Injiniya Tanko: Na karɓi gyaran 1.24, wannan `<2` ba ta tare shi. Na kuma janye "duk" a kan laburaren Python zalla. Amma ban sauka daga kan masu ɓangaren C ba, kuma ina da tambaya ga Malama. Kin ce layi ɗaya ne gyaran. Layi ɗaya ne ga wanda ya san cewa 96 da 88 na nufin NumPy ta yi sabuwa da yawa. Saƙon bai ambaci pandas ba, bai ambaci siga ba. `ResolutionImpossible` kuwa sunan masu rigimar yake kawowa tun kafin a girka komai. Karyewa a wurin girkawa ta fi karyewa bayan manhaja ta hau saba sauƙin ganewa.

Malama Ladi: A kan masu C ba mu da saɓani, muddin za su ɗaga rufin da wuri. Hanyar ma a buɗe take: abin da aka harhaɗa a kan NumPy 2 yana aiki a kan 1 ma, shi ya sa pandas 2.2.2 ke tafiya da duka biyun. Batun saba kuwa, manhajar da za ta hau saba bai kamata ta dogara da rufin kowa ba. A rubuta abin da ake buƙata kai tsaye a `requirements.in`, a ce `pip-compile`, umarnin da ke cikin fakitin pip-tools, ya fitar da `requirements.txt` mai `==` a kan kowane fakiti har da na ƙarƙashi, kowanne da layin `# via` da ke nuna wanda ya jawo shi. Wanda ya kulle haka kafin Yunin 2024, fitowar NumPy 2 ba ta shafe shi ba. Ya fi `pip freeze`, wanda ke kwashe duk tarkacen muhallin ba bayani, har da na Windows kaɗai irin pywin32, ya je Linux ya ƙi girkuwa.

Auta: Ga wanda ya gaji tsohon aiki da ba a kulle ba, uv, wata manhajar girka fakitoci irin pip, na da `--exclude-newer`. In aka ce `uv pip install -r requirements.txt --exclude-newer 2024-06-01`, ba zai kalli duk abin da aka ɗora bayan ranar ba, sai pandas 2.0.3 ta samu NumPy 1.26.4. Yana kuma da `--override`, ƙofar da Yaya Ladi ta ce pip ba shi da ita, ta danne rufin wani.

Malam Gambo: A yi hattara da `--override` ɗin nan. Kafin a danne rufi, a duba cikin foldar fakitin ko akwai fayiloli masu ƙarewa da `.so` a Linux ko `.pyd` a Windows. In babu, a danne, a gudanar da gwaje-gwajen aikin gaba ɗaya, a rubuta dalilin a gefen layin domin a cire shi in sabuwar siga ta fito. In akwai su kuma rufin na NumPy ne, a bar shi yadda yake, a nemi sigar fakitin da aka harhaɗa a kan 2, ko a ware masa muhallinsa daban da `python3.11 -m venv`.