Kwamitin da ke da baki amma ba shi da ƙuri'a: me za mu kira shi da Hausa?

Mai fassara:
Assalamu alaikum. Wani suna ne ya tsaya mini a maƙogwaro tun jiya, na ce bari in kawo shi gaban masana. Ina fassara wani bayani kan yadda garuruwa da dama a jihar Kalifoniya ta Amurka suke haɗa kai su sayo wa mazaunansu wutar lantarki, sai na ci karo da abin da suke kira "Community Advisory Committee". Ban yi wata-wata ba na rubuta "kwamitin sa ido na al'umma", na wuce abina. Da na ƙara nisa a karatun sai jikina ya yi sanyi, don kamar na naɗa wa kwamitin rawanin da ya fi kansa girma.

Ga yadda abin yake a taƙaice. A 2002 majalisar dokokin jihar ta yi dokar da ta ba birane da gundumomi damar kafa hukumarsu ta sayen wuta. Wadda ta fara aiki ita ce Marin Clean Energy, a 2010, daga nan wasu suka biyo baya. Masu yanke hukunci a irin waɗannan hukumomi zaɓaɓɓu ne, kansiloli da magadan gari na garuruwan da suka haɗu. Sai kuma da yawa daga cikin hukumomin suka kafa wani kwamiti na mutanen gari a gefe, wanda yake duba takardu, ya yi tambaya, ya faɗi ra'ayinsa. Sunan wannan kwamitin nake nema.

Ɗan jarida:
Wa alaikumus salam. Malam, ni ban ga aibin abin da ka rubuta ba. Idan na ce "kwamitin sa ido" a rediyo, mai sauraro ya gane nan take, ba sai na tsaya sharhi ba. Suna dubawa, suna tambaya, to me ya rage wa sa ido?

Injiniya:
Kafin a raɗa suna a fara ganin jaririn. Na sha kallon tarurrukan irin wannan kwamiti ta intanet saboda aikina, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Mutane ne ke zaune a teburi, yawancinsu masu aikin sa kai: wani daga ƙungiyar ƙwadago, wata mai rajin kare muhalli, wani mai ƙaramar sana'a, wata tana magana da yawun masu ƙaramin ƙarfi. Ma'aikacin hukumar zai haska musu jadawalin farashin da ake son fara karɓa, ko daftarin kwangilar sayen wuta daga wata gonar sola na shekaru masu yawa. Sai wata ta ɗaga hannu ta ce a koma shafin baya, tana son a gaya mata nawa wannan sauyin zai ƙara wa gidan da ke biyan kuɗin wuta da rangwame. Ma'aikacin ya amsa, ko ya ce zai kawo lissafin a zama na gaba. Bayan haka a ba 'yan kallo minti biyu ko uku kowa ya yi magana. A ƙarshe kwamitin ya kaɗa ƙuri'a a tsakaninsa kan abin da zai gaya wa hukumar gudanarwa, wato zaɓaɓɓun nan masu yanke hukunci.

To a nan gizo ke saƙar. Wannan ƙuri'ar ba ta ɗaure kowa. Hukumar gudanarwa tana iya saurara ta yi godiya, ta kuma zartar da akasin abin da aka ce mata. A hukumar da ke gundumar Alameda, wadda ta fara aiki a 2018 da sunan East Bay Community Energy kafin ta koma Ava Community Energy a 2023, shugaban kwamitin yana da kujera a teburin hukumar gudanarwa, yana magana kamar kowa, amma idan an zo kaɗa ƙuri'a ba a ƙirga nasa hannun.

Ɗan jarida:
Injiniya, ai ka ƙara mini ƙarfi ne. 'Yan sa ido a zaɓe suna da ikon soke zaɓe? Ba su da shi. Kallo suke yi su rubuta rahoto, kuma ba wanda ya taɓa cewa sunan bai dace da su ba.

Malama:
Ɗan jarida ya kawo hujja mai kyau, kada a raina ta. Gaskiya ne "sa ido" ba ya nufin mutum yana riƙe da bulala. Amma ku saurari abin da kunne yake ji idan an ce 'yan sa ido a zaɓe: baƙi ne daga waje, ba wanda ake sa wa idon ne ya ɗauko su ba. Injiniya, wa yake naɗa 'yan wannan kwamitin?

Injiniya:
Hukumar gudanarwar ce da kanta, Malama. Mutum ya nema, a tantance, su amince da shi. Su ne kuma suka rubuta iyakar aikin kwamitin, suna iya sauya shi.

Malama:
To ka ji. Wanda ka ɗauko da hannunka ka zaunar, kana kuma iya sallamarsa, idan aka ce shi ne mai sa maka ido an yaudari mai karatu. Zai ɗauka akwai wani mai zaman kansa da ke tsaye a kan hukumar. Ga kuma ɗaya fuskar kalmar da kowa ya sani: a bakin mutane ɗan sa ido shi ne mai shiga abin da ba ruwansa, wanda ba a son a gani a kusa. Waɗannan bayin Allah kuwa gayyato su aka yi, kuma kuɗin wutarsu ne ake magana a kai. Ta kowace fuska kalmar ba ta zauna ba.

Ɗalibi:
Malama, a gafarce ni, ina "kwamitin amintattu"? Ina yawan ganinsa a jaridu, kuma yana da kwarjini.

Malama:
Kwarjinin ne matsalarsa, ɗana. Amintattu su ne waɗanda aka danƙa wa amanar dukiya ko ragamar ƙungiya, sa hannunsu yana da nauyi a gaban doka. Ya fi kusa da hukumar gudanarwar ma. Ajiye shi.

Mai fassara:
Na yarda na sauke "sa ido". To "kwamitin tuntuɓa" fa? Ko kuma in gajarce in ce "kwamitin shawara" kawai, ya fi daɗin faɗa.

Malama:
Bi su ɗaya bayan ɗaya. "Kwamitin tuntuɓa" a yadda muke amfani da shi, shi ne wanda ake turawa ya je ya tuntuɓi wasu, ya ji ta bakinsu ya dawo. Wannan kuwa shi ake tuntuɓa. Ka juya akalar ke nan.

"Kwamitin shawara" kuma, nan ne nake son ka yi taka-tsantsan, don kalmar shawara tana da ƙofofi da yawa. Ana yin shawara, ana neman shawara, ana ba da shawara, ana kuma yanke shawara. Idan ka bar ta tsirara, wani zai shiga ta ƙofar ƙarshe, ya ɗauka su ne masu yankewa, alhali abin da ba su da shi ke nan. Kalmomi biyun nan, "ba da", da kake son yarwa don daɗin baki, su ne suke ɗauke da gaskiyar maganar. Wanda ya ba ka shawara ya san kana iya ɗauka, kana iya bari. Bahaushe ya riga ya gama wannan aikin, kada mu ɓata shi garin neman gajarta.

Ɗan jarida:
Na ji, na kuma karɓa rabi. Damuwata ita ce "ba da shawara" ya yi laushi da yawa. Mai sauraro zai ce ashe 'yan rakiya ne, a ba su shayi su sa albarka su tashi. Injiniya ya nuna suna tono.

Injiniya:
Suna tono ƙwarai, kuma abin da ya ba su haƙori doka ce. Kalifoniya tana da dokar buɗe tarurrukan hukumomin ƙananan hukumomi tun 1953, ana kiranta dokar Brown. Kwamitin da hukuma ta kafa a hukumance yana ƙarƙashinta ko da na ba da shawara ne. Dole a manna ajandar taro aƙalla awa 72 kafin zama, dole a bar ƙofa a buɗe, dole a ba jama'a damar magana. Saboda haka tambayar da matar nan ta yi kan shafin baya ta shiga rubuce, kowa yana iya nemowa. Idan kansila ya yi watsi da shawarar, ya yi ne a bainar jama'a, kuma zai koma neman ƙuri'a wurin mutanen nan. Ƙarfinsu ke nan, ba ya wuce haka, amma ba wasa ba ne.

Malama:
To ga mafita. A raba suna da aiki. Sunan ya tsaya a kan "ba da shawara". Idan ana bayanin abin da suke yi, a ce suna bin diddigin ayyukan hukumar. Mai bin diddigi yana bin sawu ne har ya ga inda aka sa ƙafa, ba ya cewa shi zai kama kowa. "Sa ido" kuma a bar wa hukumar jiha da ke kula da kamfanonin wuta da iskar gas, tunda ita ce ke da ikon cin tara.

Injiniya:
Daidai, sai dai ƙaramin gyara don kada Malam ya zarce: hukumar jihar tana duba ko an cika sharuɗɗan tanadin isasshiyar wuta da kason makamashi mai sabuntuwa, amma farashin da waɗannan hukumomin gari ke sayar da wutarsu, hukumar gudanarwarsu ce ke yanke shi. Shi ya sa bin diddigin kwamitin yake da muhimmanci a kan farashi musamman.

Mai fassara:
Madalla. Saura "na al'umma". Ina jin kamar ya yi faɗi.

Malama:
Ya yi faɗi. Al'umma tana iya zama ƙasa guda ko mabiya addini baki ɗaya. Ka ce "na mazauna yanki". An san mutanen da wutar ke shiga gidajensu ake nufi.

Ɗalibi:
Ni da "na masu biyan kuɗin wuta" aka sa, da kowa ya san wanda abin ya fi yi wa zafi.

Mai fassara:
Ka yi gaskiya, amma sunan zai kai layi biyu. Zan sa shi a cikin bayani.

Tunda kun taru, bari in ƙara muku wani nauyin. Ita hukumar kanta na rubuta mata "kamfanin rarraba wuta". Injiniya, na san za ka yi magana.

Injiniya:
Zan yi kuwa. Ba ta da turke ko ɗaya, ba ta da waya, ba ta da mita. A arewacin jihar duk waɗannan na kamfanin wuta na PG&E ne, shi ke kai wutar gida, shi ke gyara idan ta lalace, shi ke aiko da takardar biya. Idan ka buɗe takardar za ka ga kuɗin kawo wuta a gefe guda, kuɗin samar da ita a wani layin da sunan hukumar garin. Aikinta shi ne ta tattara buƙatar dukan gidajen yankin ta je ta sayo da yawa a dunƙule. Ana sa mazauna a ciki kai tsaye, a aiko musu da sanarwa, wanda ba ya so ya ce a cire shi ya koma wa kamfanin. Kuma kamfanin bai yi maraba da tsarin ba da farko: a 2010 ya kashe sama da dala miliyan 40 wajen tallata wani ƙudurin raba gardama da zai sa sai kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun yarda kafin gari ya kafa irin wannan hukuma, masu zaɓe suka ƙi shi. Don haka haɗa su a suna ɗaya kuskure ne babba.

Ɗalibi:
Ashe sari take yi! Ta saro da yawa ta sayar da kaɗan-kaɗan. Hukumar sarin wuta.

Ɗan jarida:
Yaron nan ya harbo ta. Sai dai ɗan sari riba yake nema, wannan kuwa ta gwamnati ce, ba ta da masu hannun jari da za a raba wa riba.

Malama:
Kalmar "hukuma" da ke gaba ta toshe wannan ɓarakar. Ba wanda zai ji hukuma ya zaci ɗan kasuwa. Ni ta yi mini, kuma ta fi duk abin da na zo da shi yau. Allah ya yi maka albarka, ɗana.

Mai fassara:
Amin. "Makamashi mai tsafta" dai na bar shi yadda kafofin labarai suka saba.

Injiniya:
Bar shi, amma ka san abin da ka rufe da shi. A lissafin Kalifoniya, babbar madatsar ruwa da ta wuce megawat 30 ba ta cikin makamashi mai sabuntuwa, nukiliya ma haka, alhali duka biyun ba sa fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Dokar jihar ta 2018 ta raba su: kashi 60 cikin 100 mai sabuntuwa nan da 2030, sannan wuta marar hayaƙi gaba ɗaya nan da 2045. Ko a karɓi wutar tashar nukiliya ta Diablo Canyon a kira ta mai tsafta ko a ƙi, yana cikin abubuwan da aka yi ta ja-in-ja a kansu a irin waɗannan tarurruka. Inda takardarka ta bambanta su, kai ma ka bambanta: "mai sabuntuwa" daban, "marar hayaƙi" daban.

Mai fassara:
Na gode ƙwarai. Ga jimlar yadda ta koma, a duba mini: "Kwamitin ba da shawara na mazauna yanki yana bin diddigin ayyukan hukumar sarin wuta, yana kuma gabatar da ra'ayinsa ga hukumar gudanarwa, wadda ita ce ke yanke hukunci."

Ɗan jarida:
Ta yi. A kanun labarai dai zan riƙa cewa "kwamitin mazauna", numfashina ba zai kai ƙarshen wancan ba.

Malama:
Ka faɗi cikakken sunan sau ɗaya a farkon rahoton, daga nan ka gajarce yadda kake so. Malam, hukuma ta fito sau biyu a jimlarka, kusa da juna. Mayar da ta biyun "majalisar gudanarwarta".

Mai fassara:
Na gyara, Malama.